Tsinkewar Murya da Dushewarta a Waƙar Baka ta Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya saba halartar wuraren da makaɗa suke wasa, ko a ƙofar fada ranar salla, ko a gidan biki, ko a filin dambe bayan kaka, ya taɓa ganin mawaƙi ya ɗauko ɗan waƙa da ƙarfinsa, ya kai inda zai ɗaga, sai muryar ta tsinke, ta fito siririya kamar ba tasa ba, ko kuwa ta shaƙe ɗungum, iska kaɗai ta fita. Nan take 'yan kallo sukan yanke hukunci. Waɗansu su ce tsufa ne ya zo, waɗansu su ce ai kwana ya yi yana waƙa, waɗansu kuma su yi ƙasa da murya su ce abokan hamayya ne suka yi masa asiri. Bayan an watse ba mai sake ta da zancen, sai fa in muryar ta ƙi dawowa, sa'an nan a ji an ce wane ya bar waƙa.

Manazarta adabi ma ba su cika tsayawa a kan wannan al'amari ba. Tun daga lokacin da David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, kuma Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a 1975, nazarin waƙar baka ya yi nisa ƙwarai. An yi bayanin jigo da salo da zubi da tsari, an rarrabe makaɗan fada da na jama'a da na sana'a da na maza, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tattara tarihin makaɗa masu yawa. Amma galibin wannan aiki a kan matani aka yi shi, watau kalmomin waƙa bayan an kwashe su daga kaset an zuba a takarda. Da zarar an yi haka kuwa an baro murya a baya. Abin da akan faɗa game da ita bai cika wuce a ce wane yana da zaƙin murya ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa raunin murya ya shafi mai sharhin waƙa kamar yadda ya shafi likita. Dalili kuwa shi ne, zubin waƙar baka ta Hausa, da jagoranta da 'yan amshinta da makaɗanta, gini ne wanda ya dace da iyakar abin da maƙogwaron ɗan Adam zai iya ɗauka. Inda aka kiyaye wannan zubi murya takan daɗe. Inda aka yar da shi, mawaƙi ne yake biyan bashin da jikinsa.

Inda murya take fitowa

A cikin maƙwallato, watau ƙullutun nan da ke motsi a gaban wuya idan mutum ya haɗiyi yawu, akwai waɗansu tantani guda biyu suna fuskantar juna. Masana ilimin furuci suna kiransu tantanin maƙwallato. Tsawonsu a jikin namiji baligi kamar milimita 17 zuwa 25 ne, na mace kuwa bai kai haka ba. Idan ana numfashi a buɗe suke. Idan za a yi magana ko waƙa sai su matso su haɗu, iskar da ke tahowa daga huhu ta riƙa buɗe su suna rufewa. Wannan karkarwa ita ce asalin murya. A maganar yau da kullum tantanin namiji sukan buɗe su rufe kamar sau 100 zuwa 120 a sakan ɗaya, na mace kuwa wajen sau 200. Idan aka ɗaga murya a waƙa adadin yakan ƙaru ƙwarai. In da mawaƙi zai yi sa'a guda cur yana rerawa a amon da ke kaɗawa sau 200 a sakan, ba tare da hutu ba, to, tantaninsa sun bugi juna sau 720,000 ke nan. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin shi ne zai bayyana darajar kowane ɗan hutu da zubin waƙa yake ba jagora.

Ba likita ne ya yi suna wajen fara kallon waɗannan tantani suna aiki a lokacin waƙa ba. Wani malamin koyar da waƙa ne ɗan ƙasar Sifen, Manuel Garcia, wanda a 1854 ya sa ɗan madubi irin na likitan haƙori a can ƙuryar bakinsa, ya haska shi da hasken rana ta wani madubin, ya ga abin da ke gudana a maƙwallatonsa yana cikin rerawa. A 1855 aka gabatar da bayaninsa a Landan. Tun daga nan aka fara gane cewa yawancin abin da ake ɗauka gaibu ne game da murya yana da sanadi wanda ido zai iya gani.

Tsokoki iri biyu ne suke sarrafa hawa da saukar murya. Ɗaya takan gajarta tantanin ta sa su yi kauri, sai a sami murya mai nauyi wadda mutum yake jin rugugin ta a ƙirjinsa. Ana iya kiranta muryar ƙirji. Ɗayar kuwa takan ja su su miƙe su yi siriri, sai a sami murya mai tsini wadda ake jin ta kamar daga ka take fitowa. Ana iya kiranta muryar ka. Makaɗin kalangu ya san irin wannan aiki, domin in ya matse tsarkiya a hammatarsa fatar takan ɗaure amon ya hau, in ya sassauta amon ya sauka. Bambancin kawai shi ne, idan fatar kalangu ta fashe a kan sake wata, maƙwallato kuwa ɗaya ne tak aka ba mutum.

Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Kuskuren da aka fi yi wajen sharhi shi ne a haɗa abubuwa uku daban-daban a kira su duka dushewa. Ya wajaba a rarrabe su.

Na farko shi ne ƙaushi. Akwai muryar da haka take, da ɗan gurnani a cikinta, ko don halitta ko don yadda mai ita ya horar da ita. Alamarta ita ce ba ta sauyawa: yadda take a farkon wasa haka take a ƙarshensa, mai ita yana kai duk inda yake so ya kai, kuma ba ya jin ciwo. Wannan ba aibi ba ne, sau da yawa ma ado ne. Larabawa suna da kalmar bahha ga irin ɗan ƙaushin nan da suke so a muryar gwanin waƙa, kuma masu sauraron Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975, sun lissafa shi cikin abubuwan da suka ƙawata muryarta. A ƙasar Hausa kuwa, kirarin ɗan dambe ko na maharbi ba zai zauna a murya mai santsi ba. Wanda ake zuga shi ya shiga fage yana bukatar ya ji muryar da ta yi kama da abin da ake kiransa ya yi.

Na biyu shi ne tsinkewa. Wannan abu ne na ƙiftawar ido, kuma yakan faru ne a daidai iyakar da muryar ƙirji take miƙa wa muryar ka aiki. Idan tsokokin nan biyu suka yi miƙin a hankali ba mai jin komai. Idan kuwa mawaƙi ya tura muryar ƙirji sama da inda za ta iya, ko numfashinsa ya ƙare a tsakiyar layi, ko gajiya ko fargaba ta kama shi, sai ɗaya tsokar ta saki farat ɗaya, muryar ta yi tsalle. Irin wannan ne yake samun yara maza lokacin balaga, galibi tsakanin shekara 12 zuwa 15, sa'ad da maƙwallato yake girma da sauri, adadin karkarwar ya ragu zuwa kusan rabi, tsokokin kuma ba su riga sun saba da sabon tsawon ba. Tsinkewa sau ɗaya ba ta nuna cuta. Har ma gwani yakan yi ta da gangan a waƙar ta'aziyya ko ta bege, domin muryar mai kuka haka take yi, mai sauraro kuma ya san haka.

Na uku shi ne dushewa ta haƙiƙa, watau rauni a jikin tantanin kansu. Yawan bugun juna da ƙarfi yakan sa su kumbura. In aka ci gaba da aiki a kan kumburin sai kanta ta fito a gefen kowannensu, irin wadda fartanya take fitar wa manomi a tafin hannu, ta hana su rufewa sosai. Wani lokaci kuma 'yar jijiyar jini ce take fashewa a sakamakon ihu guda ɗaya, ta bar tsiro. Alamun wannan ba su ɓuya ga kunnen da ya san su: saman murya ne yake fara tafiya, musamman idan aka so a ɗaga a hankali ba da ƙarfi ba, iska takan riƙa zuba tare da amo, mawaƙi yakan riƙa yanke layi yana jan numfashi a inda da ba ya yi, ƙarshen wasa kuma ya fi farkonsa muni.

Domin a ga iyakar abin, yana da kyau a dubi misali biyu daga Turai, inda akan bayyana ciwon mawaƙa a fili. Julie Andrews ta Ingila, wadda muryarta ta yi suna a fina-finan waƙa, an yi mata aiki a maƙwallato a 1997, muryar waƙarta kuwa ba ta koma yadda take ba. Adele, ita ma 'yar Ingila, jijiya ta fashe mata a 2011, ta soke wasanninta, aka yi mata aiki a birnin Boston na Amurka, ta dawo ta ci gaba da waƙa. Dukansu biyu suna da dukiya da ƙwararrun likitoci, amma ɗaya ce kaɗai ta sami muryarta. Mawaƙin da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, rigakafi kaɗai ya rage masa.

A ƙasar Hausa akwai abubuwan da suke ƙara wa wannan rauni ƙarfi. Lokacin bukukuwa da wasanni shi ne bayan kaka, watau daidai lokacin hunturu, sa'ad da iska take bushewa ƙayau, ƙura ta cika gari. Tantanin maƙwallato kuwa sai da danshi suke kaɗawa cikin sauƙi. Ga hayaƙin taba, ga ƙwarnafin da cin abinci mai nauyi da tsakar dare yake jawowa, ga waƙa a kan mura domin an riga an karɓi kuɗin mutane. Akwai kuma abin da wani likita Bafaranshe, Etienne Lombard, ya bayyana a 1911, cewa mutum yakan ɗaga murya ba da saninsa ba gwargwadon hayaniyar da ke kewaye da shi. Game da zuma da citta da kanumfari da mawaƙa suke sha, lalle sukan sanyaya maƙogwaro, amma ta hanyar abinci suke wucewa, ba su taɓa tantanin ba. Hatsarinsu shi ne su kwantar da zafin da ya kamata ya tsai da mutum. Abin da yake magani shi ne hutu da yawan shan ruwa da barin kaki da raɗa, domin raɗa ma wahalar da maƙwallato take yi. Dushewar da ta kai mako huɗu ba ta tafi ba kuwa, sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ya gani.

Nauyin da Hausa take ɗora wa maƙwallato

Abin da ya sa wannan batu ya shiga fagen nazarin harshe shi ne, mai waƙa da Hausa yana sa maƙwallatonsa aiki uku a lokaci ɗaya. Aiki na farko shi ne na kowane mawaƙi a duniya, watau fitar da karin waƙa.

Na biyu shi ne karin sauti. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya suke bambanta ma'ana a cikinsa. Alal misali, kalmar wuya idan aka fara da sama aka sauka tana nufin gaɓar jiki, idan kuwa aka fara da ƙasa aka hau tana nufin wahala. Haka nan tsawon wasali ne kaɗai ya raba gari na zama da gari na tuwo. Karin waƙar baka kuwa a mafi yawan lokuta yana bin karin sautin kalmomin ne. Ke nan idan murya ta kasa hawa inda kalma take bukatar hawa, ko ta kasa riƙe dogon wasali, asarar ta wuce ta daɗin amo, ta shiga cikin ma'ana da ma'aunin gaɓoɓi.

Na uku shi ne baƙaƙen da ake furtawa da taimakon maƙwallato: ƙ da ts, waɗanda sai an rufe tantanin ruf sa'an nan a tunkuɗo su, da ɓ da ɗ da 'y, waɗanda ake ƙuntata tantanin wajen furta su, da kuma hamza. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana katse karkarwar ko ya sauya ta, sa'an nan a sake ta da ita nan take. Muryar da ta kumbura kuwa ba abin da ya fi yi mata wuya irin tashi bayan tsayawa. Saboda haka mai sauraro mai lura yakan ji gajiyar mawaƙi a wasalin da ya biyo bayan waɗannan baƙaƙe tun kafin ya ji ta a wani wuri.

Akwai kuma wata sifa ta jimlar Hausa da ta dace a ambata. Jimla takan fara daga sama ta riƙa gangarowa, ta yadda karin sama da ya biyo bayan na ƙasa bai kai na farko tsawo ba. Layin waƙa ma haka yakan yi. Sakamakon haka shi ne wurare biyu ne masu hatsari a kowane layi: farkonsa, inda ake bukatar hawa, da ƙarshensa, inda numfashi ya ƙare, mawaƙi yake matse maƙogwaro domin ya ƙarasa.

Zubin waƙa a matsayin garkuwa

Idan aka dubi waƙar fada da wannan ido, sai a ga hikimar da ke cikin rabon aikinta. A ƙungiyoyi irin na Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, jagora yakan ɗauko ɗa ne da cikakken numfashi, ya hau inda ake hawa, sa'an nan 'yan amshi su karɓe shi su yi ƙari, su kai shi gindin waƙa. Watau daga wurare biyun nan masu hatsari, jagora ya ɗauki na farko lokacin da ƙirjinsa yake cike, na biyun kuma ya bar wa mutane da yawa su raba a tsakaninsu. Kafin su gama ya huta, ya ja numfashi, ya shirya abin da zai faɗa. Manazarta sun daɗe suna yaba wannan karɓeɓeniya a matsayin salo, kuma salo ne, amma har ila yau ita ce take rage yawan bugun da tantanin jagora suke yi a dare guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bugu da ƙari, aikin ihu ma an ɗauke wa jagora. Sanƙira ne yake ɗaga murya ya yi shela, ya maimaita abin da aka faɗa, ya sanar da kyauta. Wanda ya san muryoyin sanƙirori da maroƙa ya san inda wahalar take sauka. Sa'an nan kayan kiɗan kansu, kotso da taushi da kalangu, ba su ɗaure mawaƙi a kan wani ƙayyadadden amo ba. Jagora yakan fara ne daga inda muryarsa take a wannan rana, 'yan amshi su bi shi. In ya tashi da mura ya ɗan sauka, ba mai cewa ya yi kuskure.

Hanyar koyon sana'ar ma garkuwa ce. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya fara ne da yi wa mahaifinsa Usman Ɗankwanda amshi, daga baya ya zauna ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna a matsayin daudun kiɗi, kafin ya ja tasa ƙungiyar. An ruwaito cewa laƙabin nasa ma daga murya ya samo shi, domin tasa ta yi kama da ta wani mai zaƙin murya da ake kira Ɗanƙwairo a cikin yaran mahaifinsa. Abin lura a nan shi ne, yaron da ya tashi a cikin amshi yakan wuce shekarun fashewar murya a ɓoye cikin muryoyin manya, ba a ɗora masa nauyin jagoranci ba sai maƙwallatonsa ya gama girma.

Mamman Shata ya bi wata hanya daban. Amshinsa gajere ne, kusan layi ɗaya da ake maimaitawa, kuma shi kaɗai yake ɗauke da 'ya'yan waƙa daga farko har ƙarshe. Hutun da yake samu bai kai na makaɗan fada ba. Abin da ya tsare shi shi ne bai cika nisa da muryar magana ba. Ƙarfin waƙarsa yana cikin fitar kalma da zamanta a kan kiɗa da saurin ƙirƙira, ba a cikin hawa can sama ba. Wanda ya jera faifansa na shekarun 1960 da kaset ɗinsa na shekarun 1990 zai ji muryar ta ƙara kauri da ƙaushi, amma waƙar ba ta rushe ba, domin tun asali ba a kan abin da tsufa yake fara ɗaukewa aka gina ta ba. Da haka ya yi fiye da shekara 50 yana waƙa har rasuwarsa a 1999.

Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ba shi da 'yan amshi ko kaɗan, amma kuntiginsa ne yake karɓarsa. Tsakanin ɗa da ɗa yakan bar tsarkiya ta yi magana, shi ya huta. Kuma da yake kuntigi ƙaramin amo gare shi, bai taɓa tilasta masa gasar ƙara ba. Inda garkuwar ta fi zama siririya shi ne wajen makaɗan maza, waɗanda suke waƙa a fili cikin ƙura da ihun 'yan kallo, kuma aikinsu ne su zuga. A nan ne mai sharhi ya fi bukatar kunne, domin ƙaushin da ya dace da fage da dushewar da fage ya jawo suna kama da juna.

Sai dai kuma kada a wuce gona da iri. Babu wata shaida da ke nuna cewa magabata sun zauna sun tsara wannan zubi domin lafiyar maƙogwaro. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne tsarin da ya bar mawaƙi ya daɗe shi ne ya wanzu aka gada. Har ila yau, waɗanda aka ambata a sama su ne waɗanda muryarsu ta jure har aka ɗauke ta a faifai. Waɗanda tasu ta mutu da wuri sun koma gona ko kasuwa, ba wanda ya rubuta sunansu. Zubin yana rage hatsari ne, bai kawar da shi ba.

Waƙar situdiyo

Daga shekarun 1990, tare da bunƙasar fina-finan Hausa a Kano, wata irin waƙa ta taso wadda ake yin ta a situdiyo da fiyano. Tana da alherinta ga murya. Makirfo ya ɗauke wa mawaƙi wahalar ihu, kuma yana iya ɗaukar waƙa layi-layi yana hutawa. Amma ta zo da abubuwa uku da suka rushe garkuwar da aka bayyana.

Da farko, mai fiyano ne yake tsai da amo, sau da yawa tun kafin mawaƙi ya buɗe baki, sai ya zama murya ce take bin kiɗa bayan da can kiɗa ne yake bin murya. Na biyu, kwaikwayon waƙoƙin fina-finan Indiya ya sa ana son muryar mace ta zama siririya ƙwarai, ta zauna a sama daga farko har ƙarshe, ko da kuwa ba a nan halittar muryarta take ba. Na uku shi ne na'urar gyaran murya. A 1997 wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, ya fitar da Auto-Tune, wadda take daidaita amon da ya kauce, kuma cikin 'yan shekaru ta game situdiyoyin duniya har da na ƙasar Hausa. Da ita, da kuma yanke-yanken da ake yi a kwamfuta, ana iya share tsinkewa a lulluɓe dushewa.

Illar wannan ta kasu biyu. Ga mawaƙi, an ɗauke masa gargaɗi. Tsinkewar da za ta gaya masa ya sauka ko ya huta an goge ta, sai ya ci gaba da aiki a kan kumburi. Ranar da aka gayyace shi biki ko taron siyasa kuwa, ko dai ya riƙa motsa baki a kan abin da aka riga aka ɗauka, ko ya yi ƙoƙarin fitar da abin da na'ura ce ta fitar, cikin ƙarar lasifika, ba 'yan amshi ba sanƙira. Ga mai sauraro kuma, kunnensa ya saba da muryar da ba ta gajiya ba ta tsufa, har ya kai ga in ya ji dattijon mawaƙi da ƙaushinsa sai ya ce muryar ta lalace.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, akwai tambayoyi uku da ya kamata mai sharhi ya yi a duk sa'ad da ya ji wani abu ya sami murya a cikin waƙa. Shin abin yana nan daram daga farko har ƙarshe, ko kuwa ƙaruwa yake yi yayin da wasa yake nisa? Shin ya faɗo a inda ma'ana take neman sa, ko a inda numfashi ya ƙare? Shin kalma ta fita da karin sautinta da tsawon wasalinta, ko ta nakasa? Amsar waɗannan ita ce za ta raba ƙaushin da ya cancanci yabo, da tsinkewar da za a yafe ko a yaba, da dushewar da bai kamata a tafa mata ba. Mai sharhin da ya yaba dushewa a matsayin salo ya taimaka wajen kashe murya, wanda kuma ya kushe ƙaushi a matsayin aibi ya zalunci gwanaye.

Ya kamata kuma nazarin waƙar baka ya koma ga faifai da kaset ya saurara, ya ƙididdige yawan abin da jagora yake faɗa da wanda 'yan amshi suke karɓa, ya kwatanta muryar mawaƙi ɗaya a ƙuruciyarsa da tsufansa. Mawaƙan situdiyo kuwa ba sai sun bar fiyano sun koma kotso ba. Abin da za su ɗauka daga magabata kaɗan ne: a tsai da amo daga muryar mai waƙa, a bar wa amshi da kiɗa fili a cikin waƙa, kuma kada a ɗora wa yaro jagoranci muryarsa tana tsakiyar fashewa. Waɗannan ba su bukatar kuɗi, kuma a kansu ne Ɗanƙwairo da Shata suka yi waƙa har tsufa.